Ba Tuntuɓe Ka Yi Ba, Babangida

Tudun Wada, Kaduna.

Assalamu alaikum, Babangida. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka ka sauka Abuja lafiya, Ya tsare ka a hanya da wurin kwana, Ya haɗa ka da maƙwabta na kirki, Ya sa albarka a tukubar tsiren da za ka kafa. Na ba mahaifiyarka ta cusa maka ita cikin jaka, don na san ni da kai ba ma doguwar magana ido da ido. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina kake ɗauke da shi. Tun kana ƙarami in na buɗe baki sai dai miƙo wannan, riƙe wancan. Maganar yau ta fi ƙarfin miƙo da riƙe, shi ya sa na zauna na rubuta, duk da alƙalami ba ya zama a hannuna yadda nake so.

Makon jiya ka dawo daga kwata kana ɗingishi. Mahaifiyarka ta tambaye ka, ka ce tuntuɓe ka yi da dutse. Ni kuwa na kalli ƙafar lokacin da kake alwala. Gindin babban yatsan ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi, ka zuba masa ruwa kana yamutsa fuska, ka kasa kai hannu ka shafa. Tuntuɓe yakan bar ƙwarzane ko ya fasa farce, naka kuwa babu ko ɗaya. Ba ni za ka yi wa wannan ƙaryar ba, domin na riga ka yin ta tun ba a haife ka ba. Ciwon da ya lanƙwasa mini yatsu ne ya leƙo ka. Likitoci suna ce masa gawut, wani nau'i ne na amosanin gaɓɓai. Na yi niyya ba zai ci hannunka yadda ya ci nawa ba, ko da za ka ji haushina.

Nawa ya fara ina kusan shekarunka, a lokacin Kirsimeti. Ka san yadda aiki yake mana a wannan lokaci. Mutanen Barnawa da Narayi su haɗa kuɗi su sayo sa daga wajen Kakau, a kira mu mu yanka mu kasa musu watanda, kowane gida kuma sai an sallame ka da hanta da ƙoda ban da ladan aiki. Na yi kwanaki ba abin da nake ci sai su. Na kwanta lafiya lau, kafin kiran asuba na farka kamar an ɗora mini garwashi a yatsa. Ko zanen rufa ya taɓa wurin sai in ji har tsakiyar kaina. Na yi 'yan kwanaki ina jan ƙafa ina ce wa mutane saniya ce ta taka ni, sai ciwon ya tafi kamar ba a yi ba. Tafiyar nan ita ta cuce ni, don na ɗauka na warke. Naka ma na ga ya lafa har ka sa takalmi jiya kana fara'a. Kada ka yarda da lafawar. Zai dawo, kuma kowace dawowa yakan fi daɗewa, ya bar yatsa ya hau idon sawu, ya hau gwiwa, ya zo hannu. Mahauci kuwa da hannu yake ci.

Da ya dawo mini karo na biyu da na uku, sai na tuna kakanka, Allah Ya jiƙansa. Shi ma haka ya yi fama, kuma har ya koma ga Allah yana cewa maƙiya ne suka binne masa abu a ƙofar kwata ya taka. Na ɗauki wannan magana ɗungurungum na aza wa Hamisu, wanda teburinsa ke jikin nawa a kasuwa, abokina tun muna koyon fiɗa. Hujjata kawai ita ce masu saye sun fi tsayawa a wurina, kuma nakan tarar ya share gaban rumfarmu da sassafe kafin in zo. Mutum yana share mini wuri, ni ina cewa asiri yake binnewa. Na daina amsa gaisuwarsa. Matarsa ta haihu ban je suna ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Saboda haka ka ji da kyau. Babu wanda ya yi mana sammu, ni da kai da kakanka. Abin a jininmu yake, gado ne, sana'armu kuma tana ƙara masa ƙarfi. Za ka zauna cikin baƙin mutane, wani zai kafa tukuba kusa da taka, wataƙila ma ya fi ka ciniki. Ranar da ƙafa ta tashi kada ka kalle shi.

Tunda na yarda sammu ne, ai ka san inda na nufa. Na sha rubutu, na yi turare, wanzami ya kafa mini ƙaho ya tsattsaga wurin. Wani mai ɗori a Makera ya ce targaɗe ne, ya kama yatsan ya ja. Ni babban mutum mai gemu sai da na ƙwala ihu mata suna leƙowa ta katanga. Ban hana ka addu'a ba, ni ma ina yi kullum. Amma gaɓar da ta kumbura ta yi zafi ba a ja, ba a murzawa, ba a tsagawa. Ka kwanta ka ɗaga ƙafar a kan matashi, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora, ka sha ruwa sosai, sannan ka nemi asibiti. In kuma da zazzaɓi a tare, ko kwana kada ka yi, don wani lokaci ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓa, wannan kuwa ba ya jira.

Daga masu ƙaho na koma kemis. Akwai wani haɗi da ake ƙulla mini a leda, ja da fari da ruwan ɗorawa, ban san sunan ko ɗaya ba. In na watsa su baki, kafin azahar na miƙe na koma tebur. Na ce to, ga magani ashe. Shekaru na yi a haka, yawanci ma ban karya ba nake sha. Zafin kawai suke kashewa, ciwon yana nan yana aikinsa a ɓoye, su kuma suna cin cikina da ƙodata. Gyambon cikin da ya hana ni cin yaji daga nan ne. Kuma likita ya gaya mini ƙodata ta gaji, dole in lallaɓa ta, in ba haka ba wankin ƙoda ne a gabana. Na ga irin ledar nan a aljihun rigarka ranar da mahaifiyarka za ta yi wanki. Ka jefar da ita. Maganin kashe zafi yana da wurinsa, amma likita ne zai faɗa maka wanne, da yawansa, da ranar dainawa.

Yanzu ga wanda ban taɓa gaya muku ba. Ku an ce muku wuƙa ce ta kuɓuce mini na rasa yatsan tsakiya na hagu. Wuƙa ce, amma ba kuɓucewa ta yi ba.

Da ciwon ya daɗe, sai ƙullutai suka fara fito mini, ɗaya a gwiwar hannu, ɗaya a gefen kunne, wasu a gaɓoɓin yatsu. Tauri gare su, ba sa zafi sosai, sai dai suna hana yatsa lanƙwasuwa. Ka san yadda muke yi in mun ci karo da ƙullutu a jikin dabba. A sa bakin wuƙa a zagaye shi, a ɓanɓare, a jefar, nama ya koma sumul. Na yi haka ya fi a ƙirga. Wata rana bayan la'asar kasuwa ta yi sanyi, ina zaune ina kallon na yatsana, sai na ce wai ni Garba, da nake cire wa sa, in kasa cire wa kaina? Na wasa ƙaramar wuƙa, na goge ta a gefen riga, na tsaga. Ba mugunya ce ta fito ba, wani farin abu ne kamar jiƙaƙƙen alli, yana da tsakuwa-tsakuwa. Na matse, na ƙanƙare, na ɗaure da tsumma, na ci gaba da taɓa ɗanyen nama da tumbi da hannun nan. Har ina jin daɗi wai na yi wa kaina aiki.

Kafin mako ya zagayo hannun ya kumbura har wuyan hannu, yana wari, ina rawar sanyi da rana tsaka. A haka Sista Rifkatu ta same ni. Tsohuwar nas ce a Barnawa, ta daɗe tana sayen nama a wurina, kuma ba ta da tsoron kowa. Ta ga ina yanka da hannu ɗaya.

"Malam Garba, me ka naɗe haka? Kwance in gani."

Na ce ɗan ƙurji ne, Sista.

"Ƙurji ne yake wari har nan? Kwance, ka ji, ba ni da taim."

Da ta gani sai ta ajiye kwandonta a ƙasa. "Kai ka yi wannan da kanka? Da wuƙar nama? Haba Malam, kai saniya ce? Wannan ba sammu ba ne, ba ƙurji ba ne, gawut ne, ga shi nan har a kunnenka. Yanzu-yanzu za ka tafi asibiti, in ba haka ba hannun gaba ɗaya za su cire."

Na fara cewa bari in sayar da abin da ya rage. Ban rufe baki ba sai na ji an kama kafaɗata. Hamisu ne, wanda na yi shekaru ban gaishe shi ba. Ya tsayar da keke napep, ya tura ni ciki, ya ce wa mai tebur na gaba ya duba mana naman. A hanya ba abin da ya ce sai "Sannu, Garba, riƙe hannun sama." An ceci hannun, yatsan ne ba a ceta ba. A gadon asibiti na roƙi Hamisu gafara, ya ce in bar maganar in sha kunu.

Jikinka ba naman tebur ba ne, Babangida. In ƙullutu ya fito maka, Allah Ya kiyaye, kada ƙarfe ya taɓa shi, naka ko na wanzami. Ba daga waje ake cire shi ba, daga cikin jini ake narkar da shi a hankali. Wanda ya zama dole a yi wa aiki, likita ne zai yi a ɗakin tiyata.

A can asibitin ne aka fara yi mini bayanin da na gane. Likitan ya ɗebi farin abin ya sa a madubinsu mai ƙara girman abu, ya ce in leƙa. Na ga wasu 'yan siraran abubuwa masu tsini kamar allurai a zube. Ya ce akwai wani datti da jiki ke samarwa kullum, suna ce masa yurik asid, ƙoda ce ke tace shi ta fitar ta fitsari. Wani mutum jikinsa yana yin sa da yawa, wani kuma ƙodarsa ba ta fitar da shi sosai, irinmu ke nan. In ya taru a jini sai ya daskare a gaɓa ya zama waɗannan allurai, su ne suke tayar da zafin, su ne kuma in sun yi shekaru suke dunƙulewa su zama ƙullutu, su ci ƙashi, wani lokaci su zama tsakuwa a ƙoda. Na tambaye shi me ke ƙara shi. Ya lissafa kayan ciki da jan nama da kifin gwangwani, da giya, da lemon kwalba, da ƙiba, da rashin shan ruwa, har da wani maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Da ya ji sana'ata sai ya yi dariya ya ce ai ni a tsakiyar abin nake kwana.

Ya ba ni magani iri biyu. Ɗaya na lokacin da ciwon ya tashi, a sha 'yan kwanaki a daina. Ɗayan, alofurinol, kullum ake sha, da ciwo da babu, shi ne yake rage dattin a jini har abin da ya daskare ya fara narkewa. To, a nan na sake yin wauta, kuma ita ta fi sauran tsada. Na fara shan na kullum ɗin, ba a jima ba ƙafa ta tashi fiye da da. Na ce likitan nan bai san aikinsa ba, na wurga kwalin bayan katanga, na koma wa ledar kemis. Ya gaya mini hakan na iya faruwa da farko, ni ne ban saurara ba, kunnena yana wajen lissafin ranar komawa kasuwa. Shekarun da na yi ban sha ba, a cikinsu ne hannun dama ya lalace, yatsun suka karkace suka ƙi haɗuwa.

Da na koma da kunyata, bai zage ni ba. Ya ce ai ko lambatun kwata aka tashi wankewa, sai datti ya taso tukuna kafin ruwa ya yi haske. Ya sake fara mini da kaɗan, yana ƙarawa yana gwada jini, ya haɗa mini da na tare tashin ciwon. Tun daga ranar ban tsallake ba, ko azumi ne da sahur nake sha. Ƙullutun kunnen nan ya ɓace, kai ma ka gani. Na gwiwar hannu ya ragu. Ciwon ya daina kayar da ni. Abin da ya riga ya ci na ƙashi ne kawai ba ya dawowa. Don haka in an ɗora ka a kan magani, ranar da ka ji garau ma ka sha. Abu ɗaya ne zai sa ka dakata, in ka ga ƙuraje sun feso maka a jiki ko baki ya yi gyambo, to ka tsaya ka ruga wurin likita a ranar. Kuma kada ka ce za ka sayi irin nawa ka fara da kanka, jikinka daban, gwajinka daban.

Saura maganar ci, wadda na san ita za ta fi yi maka wuya. Mahauci ya ce ba ya cin hanta, ai abin dariya ne a kwata, na sani, an yi mini. Mun saba da safe ana gama fiɗa a yanko hanta da ƙoda a jefa a wuta a barbaɗa yaji, shi ne karin kumallonmu. Abin da bai sayu ba ya dawo gida a yi farfesu da dare. Kai kuma ga tsire. Na lura da kai, duk mai sayen da ka yanka wa ɗanɗano sai ka jefa ɗaya a bakinka, wai kana taya shi. Kafin ka tashi ka ci rabin tire ba ka sani ba, ka kora da lemo mai sanyi. Ka yanka wa mai saye nasa, hannunka ya koma kan wuƙa. Kayan ciki ka bar su gaba ɗaya, nama ka ci kaɗan. Tuwo da miyar ganye ba su kashe kowa ba, ga ƙwai, ga kindirmo, ga wake. Giya ban haife ka a kanta ba, amma wurin da za ka kafa tukuba ana sayar da ita, kuma masu saye in sun ji daɗin tsire sukan ce a ba mai nama kwalba. Ka ce a ba ka ruwa.

Ruwan nan kada ka raina shi. Na san dabararmu, mai tsire ba ya shan ruwa don kada fitsari ya tashe shi daga tukuba mai saye ya wuce. Ni ma na yi, ina tsaye gaban wuta gumi yana zuba, maƙogwaro a bushe, ina ganin ƙwazo ne. Ashe ƙodata nake hana wa abin aiki. Ka ajiye jarka kusa da kai. Mai sayen da ba zai jira ka zagaya ka wanke hannu ka dawo ba, ya tafi, wani zai zo.

Ga abin da nake so, kuma umarni ne, ba shawara ba. Kafin ka hura wutar farko, ka je asibiti ka ce a gwada maka yurik asid da lafiyar ƙoda. Ka faɗa wa likita gaskiya, cewa yatsanka ya kumbura, kuma ubanka da kakanka duk sun yi. In gwajin ya fito daidai ya ce ka dawo a sake, ka koma, don wani lokaci yakan ɓuya. Ka kira mahaifiyarka ka gaya mata abin da aka ce. In ba ka kira ba, ka san ni, zan hau mota da sandata in zo in zauna gaban tukubarka har sai ka je.

Ka tuna Babbar Sallar bara. An kayar da rago a tsakar gida, ƙannenka sun zagaye, na karɓi wuƙa na yi bisimilla, yatsuna suka ƙi rufuwa a kan ƙotar. Na gwada da hannu biyu, ta zame ta faɗi ƙasa. Na yanka wa rabin unguwar nan layyarsu tun ina saurayi, ranar na kasa yanka tawa. Ka sunkuya ka ɗauka ba ka kalle ni ba, ka yanka, ka fiɗe, ka yi kamar haka aka saba. Mahaifiyarka ta shige ɗaki, ni na tsaya a gefe cikin yara ina kallo. Ban taɓa gode maka ba. Na gode, Allah Ya yi maka albarka. Amma a ranar na yi wa Allah alkawari, matuƙar ina numfashi, ba za ka tsaya a gefe a gidanka kana kallon ɗanka yana ɗauke wuƙa daga ƙasa ba. Nawa hannun likita bai yi mini alkawarin zai sake riƙe wuƙa ba, ina dai shan magani ina matsa shi kowace safiya. Naka lafiyarsa ƙalau, kuma haka nake so ka dawo mini da shi.

Allah Ya kiyaye ka daga sharrin hanya da na wuta da na ƙarfe, Ya ba ka lafiya mai amfani, Ya sa ka fi ni jin magana. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, Hamisu ma ya ce in gaishe ka. Allah Ya sada mu da alheri, amin.

Mahaifinka,
Garba.